Bonet Mai Ɗumi

In dai hirar motar Jamus ce, to a ba Auta wuri. A ofishinsu Manaja ake ce masa, kuma ko a tsakiyar cin abincin rana aka ambaci mota, sai ka ga ya ture faranti gefe ya gyara zama. Ya san shekarar da aka sauya wa wannan fitila, ya san wadda giyarta ke da taurin kai, ya san wadda mai hankali ba zai karɓa ba ko kyauta aka ba shi. Abin da bai taɓa faɗa a wurin ba shi ne inda ya samo wannan ilimin. A bakin yayansa ya tsince shi kaf, mutumin da duk layin masu gyara ke kira Sifana, wanda ya shekara talatin da wani abu yana kwance a ƙarƙashin motocin Jamus, a wata rumfar kwano bayan kasuwar katako.

Su uku ne a wurin iyayensu: Sifana babba, sai mace wadda kowa ke kira Nas saboda aikin asibiti da ta yi har ta ajiye, sai shi Auta. Sifana ne ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya sai da ƙannen biyu suka yi karatu. Auta bai manta ba, kada a ɗauki alhakinsa. Yana kai gaisuwa, yana aike. Abu ɗaya ne kawai ba ya so, a gan su tare a wurin manya. Sifana mutum ne mai magana da ƙarfi, don ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, hannunsa kuma baƙin mai ya shiga tsagar fata yadda babu sabulun da zai fitar. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ofishin ƙanensa, ya tsaya a gaban mai karɓar baƙi da silifas ɗinsa ya ɗaga murya ya ce, "Ina Autan namu yake?" Sai da aka yi mako guda 'yan ofis suna kiran Manaja da Autan namu a bayan idonsa, wani lokacin ma a gaban idon.

To ana nan sai Nas ta kira shi. Mijinta, tsohon hedimasta, an yi masa aiki a gadon baya, kuma likita ya ce sau uku a mako za a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi da safe. Ƙaramar motarsu kuwa in ta faɗa rami sai ka ji har cikin haƙoranka.

"Auta, mota nake so mai laushi," in ji ta. "Wadda in ya zauna a baya ba zai san an taka rami ba. An ce na Jamus ɗin nan manya, ko ta hannu ce, ba su da na biyu. Abin da aka sallame ni da shi daga aiki zan saka a ciki, ka ga ba ni da damar yin kuskure. Kai ka san wuraren, ka nemo. Amma ka ji sharaɗina: kafin a ce an saya, Yaya ya duba."

"Haba Yaya Nas, wannan ai ba sai kin faɗa ba," ya ce.

Da niyya mai kyau ya faɗa, wallahi. Matsalar ta faro ne daga Darakta, shugabansu a ofis, wanda da jin labarin ya ce ai yana da dillali, mutumin kirki, a wurinsa yake sayen duk motocinsa, kuma shi da kansa zai raka Manaja. Nan take Auta ya hango abin a ransa: wuri mai gilashi da tayil da sanyin na'ura, Darakta a tsaye yana ƙamshi, sai ga Sifana ya shigo da tsumma a kafaɗa, ya kwanta a ƙasa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya ɗago ya ce, "Auta, miƙo min fitila." Ya ce wa kansa bari ya fara zuwa ya gani tukuna, in ya so daga baya a kai wa Yaya Babba ita gareji. Ya ɗauki waya ya gaya wa dillalin gobe ƙarfe goma suna tafe.

Wannan kiran shi ne ɓarnar farko, kuma ya sani. Sifana yana da doka ɗaya da ba ya karyawa ko don wa: ba ya duba motar da aka tashe ta kafin ya zo. Ba ya faɗin ranar zuwansa. Sai dai mai wuri ya zo buɗe ƙofa da sassafe ya tarar da shi a zaune yana jira. Abu na farko, ya ɗora tafin hannu a kan bonet, wato murfin inji. In ya ji ɗumi, ba ya ƙara ko kalma, sai ya ce a kwana lafiya, ya juya. Dalilinsa kuwa a fili yake. Irin waɗannan manyan motocin ba a kan sifirin ƙarfe suke zaune ba, a kan jakunkunan iska suke, da wata 'yar kwamfuresa da ke hura su in an kunna inji. In jaka ta fara yoyo, motar kwana take tana sauka, da safe a same ta a durƙushe, amma da an kunna ta minti biyar sai ta miƙe kamar ba ita ba. Haka sarƙar cikin inji, in ta saki, a tashin farko ne kaɗai take kuka, da mai ya zagaya sai ta yi shiru. Auta ya ji wannan karatun ya fi sau ɗari, har ya sha maimaita shi a ofis kamar nasa.

Ƙarfe goma suka isa. Dillalin, wani mai zobba a yatsu huɗu, ya taryo su tun daga bakin ƙofa. Motar kuwa, tubarkalla. Baƙa ce doguwa, an wanke ta har kana ganin fuskarka a jikin ƙofa, kujerun fata ko tsaga babu. Auta ya zagaya ta sau ɗaya yana gyaɗa kai irin na masana, sannan, kamar hannun ne ya yi gaban kansa, ya ɗora tafinsa a kan bonet.

Da ɗumi. Ba ɗumin rana ba, don a inuwa take, a cikin sanyi. Ɗumin injin da aka kashe bai fi rabin sa'a ba.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai dillalin ya riga shi. "Ranka ya daɗe," ya ce wa Darakta, "ka ga yadda ya taɓa ta? Ni ina ganin mutum na san wanda ya san mota. Irin su Manaja ba a yi musu bayani. Wasu sai sun kwaso makanikai 'yan bakin titi su zo su ɓata mana tayil, su kuwa irinsu da ido kawai suke gane lafiyayya."

Darakta ya yi dariya ya dafa kafaɗar Auta. "Ai na gaya maka. Wannan shi ne likitan motocinmu."

Kan Auta ya kumbura, bakinsa ya mutu. Yanzu ya ce me? A dawo gobe da sassafe? Ya ce wa abokin Darakta, a gaban Darakta, ana zargin ya ɓoye wani abu? Ko ya ce sai yayansa ya gani, a tambaye shi wane ne yayan? Ya zare hannunsa a hankali ya cusa a aljihu. Wataƙila ma matsar da ita aka yi don a share wurin, ya ce a ransa. Suka fita gwaji, motar ta bi titi sumul, ramuka suna wucewa a ƙarƙashinta ba a ji, Darakta a baya yana ta santi. Kafin su dawo dillalin ya ambaci cewa akwai wani da zai zo da yamma da niyyar ɗauka. Auta ya koma gefe ya kira Nas ya ce an samu, kuma motar ba za ta jira ba.

"Alhamdu lillahi. Yaya ya duba?"

Ko numfashi bai ja ba. "Ya duba. Ya ce ba ta da matsala."

Yana jin maganar tana fita daga bakinsa kamar wani ne yake faɗa. Ya so ya kamo ta, amma Nas har ta fara sa albarka, tana cewa in dai Yaya ya ce, ita ko takarda ba ta buƙata. Ta ce ba za ta yi masa godiya ta waya ba, don shi waya ba ya ji sosai, ranar hutu za ta tuƙa motar da kanta ta je har gareji. Auta ya lissafa, kwana biyar ke nan. Ya ce kafin nan zai je ya sami Yaya Babba ya gyara zancen. Gobe, ya ce. Da goben ta zo ya ce jibi. A rana ta uku aka gama biya da takardu, aka kai wa Nas motar.

A safiya ta huɗu wayarsa ta yi ƙara yana ɗaura agogo. Muryar Nas ce, amma bai taɓa jin ta haka ba. Da suka fito da safe sun tarar da bayan motar ya sauka har ya kusa rufe tayoyi. Ta kunna, injin ya yi wani kuka kamar an zuba ƙusoshi a gwangwani, sannan ya lafa, motar ta ɗago rabi. Ta ga lokacin asibiti yana wucewa, ta ce ai Yaya ya duba, ba wani abu ba ne, aka kama Hedimasta aka sa shi a baya. Suna tsakiyar hanyar da ake gyara, wadda duk ta farfashe, kwamfuresar ta mutu, motar ta zauna daɓas a kan ƙarfe. Babu wurin tsayawa, manyan motoci a baya suna ta oda. Haka ta ja ta kusan kilomita biyu, kowane dutse yana shiga bayan mutumin da ko ɗinkinsa bai gama warkewa ba.

"Kuka ya yi, Auta," ta ce. "Shekara talatin muna tare ban taɓa ganin hawayensa ba. Yau ya yi kuka kamar yaro, yana roƙona in tsaya."

An riƙe Hedimasta a asibiti. Motar kuma Nas ta sa an jawo ta zuwa garejin Sifana, ta ce Auta ya same ta a can da azahar.

Ya je. Da ma bai je ba, da ma ya je tun kwana huɗu da suka wuce. Garejin yana nan yadda ya san shi: rumfar kwano, ramin duba mota da katakai a bakinsa, bencin da baƙin mai ya mayar kamar kwalta, sifanu jere a jikin allo kowane da ƙusarsa. Masu mota uku suna zaune suna jiran aikinsu, mai walda na kusa da mai gyaran lantarki sun leƙo ganin baƙar motar da aka sauke a durƙushe. Sifana ya fito daga rami yana goge hannu, ya ga ƙannensa biyu, fuskarsa ta washe.

"A'a, yau wace rana! Nas, motar wa aka kashe haka?"

"Motar wa?" ta ce. "Yaya, ni za ka tambaya motar wa? Motar da ka duba ka ce ba ta da matsala! Mijina yana kwance a asibiti saboda maganarka. Ban yarda da dillali ba, ban yarda da takarda ba, da kai na yarda. In aikin ya fi ƙarfinka yanzu, ai sai ka faɗa. In kallo ɗaya ka yi mata don ba biyan ka za a yi ba, shi ma sai ka faɗa, in biya ka kamar kowa!"

Har mai walda sai da ya kashe wutarsa. Nas ba mai ɗaga wa yayanta murya ba ce, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, amma ranar idonta ya rufe. Sifana ya karkato kunnensa mai ji, kamar bai yarda da abin da ya shiga ba. Ya dubi motar. Sannan ya dubi Auta, kallo ɗaya, ba mai tsawo ba. Ga maganar a bakin Auta, kalma huɗu ce ko biyar, amma harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Sifana ya ninke tsumman hannunsa biyu, ya sake ninkewa.

"Ki yi haƙuri, Nas," ya ce, kuma a karon farko a rayuwarsa a hankali ya yi magana. "Tsufa ne. Ido ya fara gajiya. Ki bar ta a nan, zan gyara."

Nas ta juya ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Ɗaya daga cikin masu jiran, wani mai farar mota da ko bonet ɗinta ba a buɗe ba tukuna, ya tashi ya ce ya tuna yana da wani uzuri, ya karɓi makullinsa daga kan benci. Kowa ya gane uzurin. Sifana ya koma rami. Auta ya tsaya kamar an dasa shi, yana jira a kira shi, a zage shi, ko a jefo masa sifana a ka, wallahi da ya fi masa sauƙi. Ba a kira shi ba. Daga cikin ramin ƙarar ƙarfe kawai ke fitowa, sai ya ja ƙafa ya koma ofis.

Kwana shida ya yi yana yawo da abin a ƙirji. Abinci ba ya wucewa. A ofis aka ɗauko hirar mota, ya ce kansa ke ciwo. Ya je wurin dillalin, mai zobba ya buɗe hannu ya ce ai lafiya lau ta bar nan, Manaja da kansa ya gwada, ko ba haka ba? Haka ne. Ya juya ya fito. Labari kuma ya zaga layin masu gyara, don irin wannan ba ya kwana: Sifana ya duba wa ƙanwarsa ta ciki ɗaya mota ya kasa ganin jakar iska mai yoyo, abin da ko sabon shiga zai gani. Mutumin da ake zuwa daga nesa don ya ɗora hannu a kan mota kawai, yau ana cewa ya tsufa. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a shekara talatin, ba shi da gilashi, ba shi da tayil.

Ranar da aka sallamo Hedimasta, Auta ya je gaishe shi. Ya same shi kwance a falo a kan katifa, an tokare shi da matasai, ya rame, amma da ya ga Auta sai ya yi murmushi ya ce, "Manaja, ka sha wahala da mu. Kai ka yi naka, Allah ya saka." Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya bi Nas kicin, inda take matse tawul a ruwan zafi. Wayarta tana kan kanta tana haske, sunan Yaya a jiki, ta kalla ta kife ta.

"Kullum sai ya kira ya tambayi jikin," ta ce. "Ba na ɗauka. In na ji muryarsa zan faɗi abin da ya fi na ranar. Kai ne dai nake jin kunyarka, na sa ka a tsakiya."

"Yaya Nas."

"Miƙo min wancan kwanon."

"Yaya Nas, bai duba ba."

Ta tsaya da tawul a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙasa.

"Bai taɓa ganin motar ba sai ranar da aka jawo ta. Ban kai masa ba, ban ma gaya masa ba. Ni na duba. Na taɓa bonet na ji ɗumi, na san abin da ake nufi, na yi shiru. Da kika tambaye ni na yi miki ƙarya."

"Me ya sa ba ka kai masa ba?"

Wannan ce tambayar da ya fi tsoro, kuma ba ta da wata amsa sai ɗaya. "Da Darakta muka je. Ban so a gan shi ba."

Ya zaci za ta yi ihu, ko ta watsa masa ruwan. Ba ta yi ba. Ta ajiye tawul ɗin, ta zauna a kan 'yar kujerar kicin, ta rufe baki da hannu biyu. Da ta ɗago, ba shi take kallo ba.

"Na ce masa in biya shi kamar kowa," ta ce. "Yaya. Wanda ya sayar da kekensa ya saya min kayan makarantar jinya. Kana tsaye." Ta miƙe ta ja mayafinta daga bayan ƙofa. "Ba ni za ka gaya wa a kicin ba. A gaban mutane na ci mutuncinsa, a gaban mutane za ka faɗa. Tashi."

Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Hedimasta, suka tafi a motar Auta. La'asar ta yi, garejin ba kowa sai mutum ɗaya a benci, abin da Auta bai taɓa gani ba. Baƙar motar tana kan jak, an cire tayoyin baya, tsofaffin jakunkunan iska biyu a yashe a gefe duk sun tsattsage. Nas ba ta tsaya gaisuwa ba, ta leƙa ta kira mai walda, ta kira mai lantarki, ta kira mai faci na tsallake da duk wanda ke kusa, ta ce su zo su ji. Sifana ya fito daga ƙarƙashin motar yana ƙifta ido.

Auta ya faɗa. Muryarsa ta fito siririya, mai walda ya ce ba a ji, sai ya sake da ƙarfi. Ya ce yayansa bai taɓa duba motar nan ba. Ya ce shi ya duba, ya ji bonet da ɗumi ya saya. A nan masu gyaran suka haɗa baki suka ce "Kash!", mai faci har da riƙe kai, don a layin nan ko mai sayar da ruwa ya san dokar Sifana. Ya ce ya yi wa yayarsa ƙarya, kuma ranar da aka zagi Yaya Babba yana tsaye ya yi shiru. Dalilin ne kaɗai ya tsallake. Nas ta dube shi. Sai ya faɗa shi ma, ya ce kunya ya ji a ga yayansa a gaban shugabansa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi dariyar ciwo. Mai lantarki ya yi tsaki ya kau da kai. Nas ta durƙusa a ƙasan garejin, a cikin baƙin mai da komai, ta kama hannun yayanta tana kuka tana cewa ya yafe mata. Sifana duk ya rikice. "Ke tashi, tashi mana, za ki ɓata kayanki! Wane irin abu ne wannan? Ku kuma me kuke kallo, ba ku da aiki ne?" Ya kore su da tsumma kamar kaji, ya tashe ta, ya tambayi jikin Hedimasta, ya ce jakunkunan sun iso, kwamfuresa gobe, sarƙar ce za ta ɗan ɗauki kwanaki amma kafin mako za ta ɗauki mai gida ko ƙwai aka ɗora masa a ka ba zai faɗi ba. Ya tare mata tasi da kansa ta koma wurin mara lafiya.

Saura su biyu, sai mutumin benci da ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya ce zai je ya dawo. Sifana ya sake kwanciya a kan kwalinsa ya shige ƙarƙashin motar. Auta ya tsaya, bai san ko ya tafi ko ya zauna ba.

"Yaya Babba, ka ce wani abu mana. Ko zagi ne."

Ƙarar sifana ta ci gaba. Can ya ji an ce, "Riƙe min fitilar nan, hasken ya tafi."

Auta ya durƙusa da wandon ofis ɗinsa ya karɓi fitilar ya haska. Daga nan yana ganin fuskar yayansa a kusa, furfura a gemu, gumi yana bin tsagar goshi, idon nan da aka ce ya gaji yana bin wani siririn bututu har inda ya tsage.

"Me ya sa ka ce kai ne?" ya tambaya.

"To in ce wa? Tana cikin tashin hankali, ga mutane. In ta rasa ni kwana biyu ba komai, ta saba da halina. Kai kuma a gabansu Manaja ne." Ya ɗaure wani noti, ya gwada shi da yatsa. "Ɗaga fitilar sama kaɗan. Yawwa."

Ya yi aiki na ɗan lokaci. Sannan, ba tare da ya juyo ba, da muryar da yake tambayar lambar sifana, ya ce:

"Ni abin da ya dame ni ɗaya ne, Auta. Ai na daɗe da sanin ba ka so a gan mu tare, tun zuwan da na yi ofishinku, shi ya sa ban koma ba. Da ka gaya min inda motar take kawai. Da sassafe zan je ni kaɗai, in duba, in bar wurin kafin ku iso. Ba wanda zai san na san ka."

Hasken ya fara rawa a jikin ƙarfen. Auta ya kama fitilar da hannu biyu, duk da haka ba ta tsaya ba.

"Riƙe da kyau mana," in ji Sifana. "Ba na gani."